Motar Malam Ta Yi Kuka a Hanyar Teku

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Hajiya Asabe nake faɗa, 'yata Rakiya tana rubutawa, don kun san ban yi boko ba. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, har da inda abin kunyata yake, ku da ke Zariya ku ji.

Tashi daga Sedgefield

Ranar Asabar, ƙarfe shida saura minti ashirin, muna idar da sallar asuba muka tashi daga unguwarmu. Mu uku ne: ni, da Rakiya da cikinta wata shida, da mijinta Nasiru a kan sitiyari. Motar ta mijina Malam ce, Allah Ya jiƙansa, irin mai ɗakin kwana a ciki, da murhun gas, da banɗaki ɗan mitsitsi kamar akurki. Tsohuwa ya saye ta, ya shekara uku yana gyaranta da hannunsa, yana cewa, "Sai na kai ki kin ga teku da idonki, ba ta tagar jirgi ba." Allah bai nufa ba. Da na fita takaba surukina ya ce shi zai cika alkawarin. Mil ɗari biyu da ɗoriya ne zuwa teku.

Na ɗauki dambun nama, da fulas ɗin shayi, da babbar rigar Malam fara wadda yake zuwa Juma'a da ita. Na rataye ta a bayan ƙofar banɗaki. A ƙasan jakata kuma akwai ɗan kasko da gawayi da turaren wuta, ban gaya wa kowa ba. Rakiya ta daɗe da hana ni turare a gida, wai na'urar hayaƙi tana tara mana maƙwabta.

A titin Gate City Boulevard muka sha mai na dala tamanin da biyar. Na ce, "Wannan mota ce ko raƙumi?" Surukina ya yi dariya. Tun da Malam ya rasu ban ji dariya kusa da ni ba sai ranar.

Siler City, mil talatin da biyar

Hanya shimfiɗe, ba shinge ko ɗaya. Ƙarfe shida da rabi ruwa ya sauko, aka rufe tagogi ruf. Nan da nan motar ta ɗauki warin danshi. Na shiga banɗaki na kai rigar hancina, sai na ji ƙamshinsa yana gudu, danshi yana cinye shi. Wallahi ji na yi kamar ana sake fita da gawarsa. Na kunna gawayi, na jira ya yi jajir har hayaƙin ya ɗauke, na barbaɗa turare kaɗan, na ajiye kaskon ƙarƙashin rigar, na ja ƙofa. A tunanina hayaƙi kawai na'ura take ji, garwashi kuwa ba shi da hayaƙi.

Rakiya daga gaba ta ce, "Mama, ƙamshin Baba ya cika motar nan." Ta share ido.

Bakwai da minti biyar sai ƙara ta tashi, mai huda kunne. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Surukina ya gangara gefen titi, muka fito cikin ruwa, ƙofofi a buɗe. Wani ɗan sanda ya tsaya, suka yi Turanci, ya leƙa ya ga ba wuta, ya tafi. Minti goma ƙarar ta mutu da kanta.

"Danshi ne, Hajiya," in ji surukina. "Tsofaffin motocin nan, da an yi ruwa sai su yi ta ihun banza."

Na yarda da shi, don zuciyata tana so ta yarda.

Sanford, mil sittin

Ruwa ya ƙaru. Muka sake rufe tagogi, ni kuma na koma na ƙara gawayi, don na farko ya fara mutuwa. Rubuta, Rakiya, kada ki tsallake. Da hannuna na ƙara.

Takwas saura kwata ƙarar ta dawo. Wannan karon kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki, Rakiya kuma ta ce zuciyarta na tashi. Muka ɗauka ciki ne. Muka tsaya a wani gidan mai, surukina ya ɗauko filaya, ransa a ɓace.

"Bari in yanke wayar banzar nan mu huta, in mun dawo a gyara."

Rakiya ta ce, "Kira Baba Yohanna tukuna."

Baba Yohanna aminin Malam ne, mutumin Filato, makanike, tare suka ɗinke motar nan. Surukina ya ƙara muryar wayar muna ji.

"Ƙarar sau nawa take yi kafin ta huta?"

"Ban ƙirga ba, Baba."

"To ƙirga!"

"Huɗu. Ta yi shiru, ta sake huɗu."

"Nasiru, in ka yanke wayar nan, ni da kai har abada. Ku fita waje ku sha iska. In ta yi shiru ku buɗe kowace taga, ko ruwa zai jiƙa ku har ƙashi, ku juyo wurina."

Haka muka juya, teku na bayanmu, ruwa na dukan fuskata, ina kuka ban san na mene ne ba.

Pleasant Garden

Ƙarfe tara da rabi muka shiga gidansa, fili fetal, rumfar gyara a baya. Ya fito da lema.

"Sannu da hanya, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, Baba Yohanna."

Ya dubi surukina. "Ina angon filaya? Zo ka koyi aiki."

Ya nuna mana na'urori uku. Ta rufi ta hayaƙi ce, ta ƙasa kusa da murhu ta gas ce, ta jikin bango kusa da gado kuma, ta iska mai guba, ita ce ta yi kuka. Ya ce maganar danshi ba ƙarya ba ce: in ruwa ya shiga waya, ko batir ya yi sanyi, ko na'ura ta tsufa, takan yi 'yar ƙara sau ɗaya, ta jima ta sake. Amma huɗu a jere magana ce daban. Duk da haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya auna batir, lafiya lau. Ya hau tsani ya duba rufi, ya shafa bango, ba yoyo. Ya shafa ruwan sabulu a bututun gas, kumfa ba ta tashi ba. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya duba salansa, ba huda. Ya fito yana sosa ƙeya.

Sai ya buɗe banɗaki.

Ya daɗe a tsaye. Ya fito da kaskon a hannu, garwashin na nan da sauran rai.

"Wa ya kunna wannan?"

Na ce, "Ni ce. Ai ba ya hayaƙi."

"Hajiya, wanda ba ya hayaƙin shi ne mai kisa. Iskarsa ba launi, ba wari. A can gida Zariya ɗakinki yana shan iska ta ƙofa da saman bango. Wannan kuwa gwangwani ne, in an rufe an rufe. Da yaron nan ya yanke waya, barci za ku fara ji, shi kuma yana tuƙi."

Surukina ya saki filayar ta faɗi. Rakiya ta dafe cikinta da hannu biyu, ta ce, "Mama!" Kalma ɗaya. Har in mutu ina jin ta. Ni da na binne miji, ni ce zan binne 'ya da jika saboda ƙamshin riga?

Baba Yohanna ya kwance na'urar don ya ga shekarunta. A bayanta akwai farin tef da rubutu. Ya karanta a ransa, ya cire hula, ya miƙa wa Rakiya. Na gane hannun Malam ko da ban iya karatu ba. Ta karanta mana:

"Sabuwa na sa. Kada kowa ya cire. Maman Rakiya ba za ta daina turare ba."

Na zauna a ƙasa cikin laka. Shekara arba'in da ɗaya yana yi mini faɗan kasko, ina cewa ya cika mita. Ashe har ya tanadi wanda zai ci gaba da faɗan bayansa.

Asibiti, sannan gida

Baba Yohanna bai bari mun sha ko ruwa ba, ya zuba mu a motarsa sai asibiti, mil goma sha biyu. Aka sa mana abin shaƙar iska, aka ɗebi jini. Ƙarfe ɗaya da kwata aka ɗora na'ura a kan cikin Rakiya. Muka kasa kunne. Sai muka ji bugun zuciyar ɗan, da sauri kamar gudun ɗan akuya. Na kama ƙafarta ina neman gafara. Ta ce, "Tashi, Mama, mutane na kallo." Amma ba ta saki hannuna ba.

Biyar da rabi na yamma muka iso Sedgefield, ruwa ya ɗauke. Ban ga teku ba. Surukina ya ce sai bayan suna, mu huɗu. Baba Yohanna ya mayar da na'urar inda Malam ya kafa ta, da tef ɗinta. Kaskon yana rumfarsa, ya ce ya kama shi fursuna. Rigar kuma tana ƙarƙashin matashina, ƙamshin yana raguwa kullum, na bar shi ya ragu.

Na gode wa Allah da Ya dawo da mu da ranmu. Na gode wa Baba Yohanna, da surukina da bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ku kuma mata 'yan uwana, kada ku rufe ƙofa a kan garwashi. In kun yi salla ku sa Malam a addu'a. Yana kabari, amma shi ya tashe mu.