Tarbar da ta kori tsuntsayen Madarunfa

Har gobe ban manta da ranar da na kusa rasa aikina saboda ganga ba. A farkon shekarun saba'in ne, ina gardin gandun daji a Madarunfa, kuma ina zaman gwaji, wato sai shef ya sa hannu a takardata kafin a ɗauke ni dindindin.

Ku da kuka zo aikin daga baya kun san tsarin. Lokacin sanyi tsuntsayen ƙasashen Turai ke sauka a tafkin, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. A lokacin ake zuwa kallonsu da ƙidayarsu, da sassafe, ba motsi.

Shef ɗinmu, Mushe Isufu, ya kira ni biro, wato ofishinsa. "Baƙi biyu za su zo daga Yamai ran Laraba, masana tsuntsaye. In sun ji daɗi, in sa ma hannu."

Don rawar kai irin ta sabon ma'aikaci, na hau keke sai gidan maigarin ƙauyen bakin tafki. Na ce masa manyan baƙi na tafe, a fita kunya. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ran Laraba muna sauka daga mota, tafkin ya yi baƙi da tsuntsaye, gwanin sha'awa. Baƙin ba su gama fito da madubin hangen nesa ba sai ganga ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, wani maharbi ya saki bindiga sama. Kafin ka ce me, ko agwagwa ɗaya ba ta rage a ruwan ba. Shef ya juyo ya harare ni.

Da maigari ya ji bayani sai ya riƙe baki. "Haba ɗan nan! Baƙi ka ce muna, ba ka ce masu kallon tsuntsu ba. Ku komo gobe, ku gani."

Washegari muka koma. Wallahi kamar an kwashe mutanen garin. Ba daka, ba sarar itace, jakuna an kai su bayan gari, masunta sun zauna a kan jiragensu ba su shiga ruwa ba. Baƙin suka yi ta kallo da rubutu har hantsi. Sai da suka rufe littattafansu maigari ya ɗaga hannu, turame suka fara tashi. Gari guda bai sha fura ba sai azahar, saboda ni. Na ji kunya, na kuma ji daɗi ƙwarai.

Ranar Juma'a shef ya sa hannu, yana dariya.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba sa ƙin taimakon ma'aikaci. Duk abin da ka roƙa za su yi maka har ya wuce. Kai dai ka buɗe baki ka faɗi abin da kake so, ko da shiru ne.