Gidan da Na Zaɓa wa Wata

Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a cewa ana kewarsa. Haka muka taras, haka na riƙe. Tun da na haifi yaron nan bakina bai taɓa furta sunansa ba. In zan kira shi sai in ce "kai", in zan ba da labarinsa sai in ce "wancan". A hannun kakarsa ya tashi, ina kallonsa daga nesa kamar ɗan maƙwabta. Ya girma, ya bar mu a ƙauyenmu can wajen Furana, ya kama shagon taki da maganin feshi a Ikara, ya yi aure, ya haihu, duk a gidan haya. Ni kuwa abin da kunya ta hana ni a kansa, na ƙudurta zan fanshe a kan 'ya'yansa, don jika ba a kunyarsa.

Ana nan ana nan, wata shekara tumatir da barkono suka yi daraja, manoma suka yi ta ɗibar taki, Allah ya buɗa masa. Sai ga ƙanwarsa da saƙo, wai yayanta zai sayi gida, dillali ya nuna masa guda uku, ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai na je na gani na sa albarka.

Na ce, "Ina da ina?"

Ta ce ɗaya kusa da tasha, ɗaya a sabuwar unguwa ta bakin gari, kan hanyar da ke zuwa wajenmu.

"Na ukun fa?"

Ta tsaya gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. "Cikin gari ne, Inna. Bayan gidan Hajiya."

Hajiya ita ce uwar matarsa. Matar nan ba ta taɓa yi mini laifi ba, da ma ta yi, da na samu abin riƙewa. Ta je Makka, ni ban wuce Zariya ba. In ta yi dariya haƙorin Makka ya haska, in na yi sai giɓi. Tana da firji, tana sayar da zoɓo mai sanyi, kowace Juma'a jikokin suna gidanta suna shan abin da bai ƙare ba. Ni sai Sallah nake ganinsu, su zo suna toshe hanci wai hayaƙin kara. Har 'yar autarsu da aka sa wa sunana, takwarata, a bayan Hajiya ta yi wayo.

Tun da ba zan iya faɗa masa baki da baki ba, sai na ce wa ƙanwarsa, "Namiji mai kunya ba ya zama a gindin surukai. Amma kar ki ce ni na ce." Na san kafin ta sha ruwa za ta faɗa.

Ranar da aka sa, na yi sammako, na taras wancan da dillalin suna jirana. Dillalin wani siririn mutum ne mai waya biyu, bakinsa kamar an zuba mai. Yana ganina ya durƙusa, "Barka da zuwa, Hajiya."

Na ce, "Ba ni ce Hajiyar ba, ɗan nan. Tana gaba."

Gidan tasha ba mu daɗe ba. Dillali ya ce gaban gidan shaguna ne ke kwance, ko gobe aka sayar sai an ci riba. Amma a bayan katangar wasu samari ne zube da 'yan kwalabe, idanu jajur, ɗayansu ko ƙafarsa bai janye ba da na zo wucewa. Wancan ya girgiza kai tun ban ce komai ba.

Sai muka nufi bakin gari. Kai, gida ya amsa sunansa gida. Tsakar gida a share, za ta ɗauki shanyar masarar gona guda, ga rijiya, ga zaure, ga wani ɗaki a gefen zauren da ƙofarsa ke duban gabas. Dillali ya buɗe shi ya ce, "Wannan na Inna ne." A raina har na shimfiɗa tabarma. Daga bakin ƙofa ina hango hanyarmu. Duk motar da ta taso daga wajenmu nan za ta bi, in sauka da kukata da daddawata ban ratsa ƙofar kowa ba. Kuma shi ne mafi araha. Dillali ya ce yanzu ne ake saye, gari na nan tafe, wanda ya yi jinkiri zai ciji yatsa.

To, amma ido ba ya neman izinin mai shi. Dawa ce har gindin katanga, ta yi tsayin da za ta ɓoye mutum da babur ɗinsa. Dama kango, hagu kango. Gida ɗaya ne mai mutane, an jera fasassun kwalabe a kan katangarsa. Azahar ta yi, na ce bari in shiga in yi sallah. Na buga ƙofar ƙarfe, matar gidan ta yi ta tambayata daga ciki, daga ina, wajen wa, kafin ta zare sakata. Awakinta a cikin ɗaki suke ɗaure, ɗaki mai ƙofa, da rana tsaka. Gidan shiru, ba kukan yaro.

Da na idar na ce, "'Yar nan, ina yara?"

"Suna cikin gari wajen kakarsu, Inna, sai an girbe dawa."

"An taɓa shigo muku ne?"

"Ba a taɓa ba. Mu ne dai ba mu taɓa barci ba."

Na sha ruwanta, na yi godiya, na fito. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce a raina, ai Allah ne mai tsarewa, ba yawan maƙwabta ba.

Gidan cikin gari kuwa mota ba ta shiga lungun, a ƙasa muka taka. Tun daga nesa na fara aikina. Na ce wannan kwata fa? Na ce wannan tsakar gida ko tabarmar sallah? Na ce nan in mutum ya yi tari sai unguwa ta ce masa sannu. Ga shi ya fi na bakin gari tsada nesa ba kusa ba. Dillali ya ce ai ba ginin ake saye ba, mutanen ake saye. Na harare shi.

Sai dai kafin mu kai ƙofa, wasu dattawa a inuwar masallaci suka tsayar da mu, suka gaishe mu har da tambayar damina, sannan suka ce wajen wa. Barkono na nan shanye a bakin hanya ba mai gadi. Wani ya jingina babur ya bar makulli a jiki ya shiga alwala. Yara na ta tsere daga wannan zaure zuwa wancan, ba a san na wane gida ba ne. Duk na gani, na yi da-na-sanin ganin.

Muna tsakar gidan sai ga Hajiya da kwanon zoɓo, takwarata goye a bayanta. Muka gaisa, muka sake gaisawa, gida, gajiya, mutanen ƙauye, har ta tambayi akuyata da ta haihu. Sannan ta dafa katanga ta ce, "Yaya, kin ga ikon Allah? Katanga ɗaya! In yarinyar nan ta yi kuka ina daga ɗaki zan jiyo."

Na ce, "Allah mai iko."

Babban jikan ya faɗo da gudu. "Tsohuwa, kin kawo mini rake?"

"Ji mini miji! Kai da za ka yi mini cefane, ni za ka tambaya?"

"Na sake ki, na auri Hajiya. Ita tana da ƙanƙara."

Kowa ya yi dariya, har da ni, don dariyar ba ta da makawa. Na miƙa wa takwarata hannu. Ta dube ni, ta cusa fuska a bayan Hajiya.

"Ƙiwa take yi," in ji Hajiya. "Ba ta saba ba ne."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba da mugunta ba. Shi ya sa ta fi zafi.

Da za a mai da ni tasha, wancan ya sallami dillali, ya zo ya tsuguna a gefena, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba. Ya ce, "Inna, na ji saƙo. Abin da kika ce shi za a yi."

Ka ji inda aka ɗora mini kaya. Kalma ɗaya zan faɗa, yaran nan su dawo bakin hanyata, takwarata ta san ƙamshin zanena, Hajiya ta koma sai ta hau babur kafin ta gan su. Kalmar tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Kuma ba wanda zai zarge ni, tun da arahar tana nan, faɗin yana nan, maganar surukai ma kowane dattijo zai goyi bayana. Sai na tuna matar nan da ta tura 'ya'yanta wajen kakarsu ta cikin gari. Ashe ko an saya a can, dawa na yin tsayi Hajiya za a kai wa yaran. In kuwa ba a kai ba, wata rana aka shigo, da wane baki zan ce ni na zaɓa?

Ba zan iya ce masa ina jin tsoro a kansa ba, uwa ba ta faɗa wa ɗan fari haka. Sai na ce, "Ruwan unguwar bakin garin can zartsi ne. Yara ba sa ƙiba a ruwan zartsi."

Ya ce, "To na cikin garin fa?"

"Kwatarsa na wari. Amma ban taɓa jin wanda wari ya kashe ba."

Ya ce, "Allah ya ƙara girma." Na ce amin, ina kallon wani wuri.

Kwanci tashi, gidan bakin gari wani ya saya. Har yau ba abin da ya same su. Kangwayen an rufa su, an ja wuta, gari ya iso kamar yadda dillali ya ce. In na wuce a mota nakan ga wata tsohuwa a bakin zauren tana sayar da ƙuli-ƙuli, yara na hawa kanta, sai in juya kai. A gari kuma Hajiya ake yabo, wai ta yi hangen nesa ta jawo surukinta cikin mutane. Ba ta ce ita ce ba, ba ta kuma ce ba ita ba ce.

Amma ranar tarewa ta fi tsaya mini a rai. Na je da kaza da ƙwaryar gero. Na taras an cika gida, matan unguwa na ta kai da kawo, Hajiya a tsakiya da ludayi tana rabon kunun sadaka, ta san inda aka ajiye kowane kwano. Wannan ta ce mata sannu da hidima, waccan ta ce Allah ya sa a shiga a sa'a. Na tsaya a bakin ƙofa da kazata a hannu ina neman inda zan zauna.

Tana hango ni ta washe baki. "Maraba, maraba! Ku yi shimfiɗa, ku kawo wa baƙuwa ruwa!"

Aka shimfiɗa mini sabuwar darduma, irin wadda ake ajewa don mutanen nesa. Aka kawo ruwa a kofin gilashi, da ƙanƙara a ciki. Na sha, haƙorana suka amsa. Na sa wa gida albarka, da zuciya ɗaya na sa, Allah shaida. La'asar na yi na ce zan kama hanya, tun da hanyarmu ba ta son yamma. Hajiya ta ce haba Yaya, ko kwana ɗaya, ai akwai wuri a ɗakinta. Na ce wata rana. Ta rako ni har bakin lungu, ta ce in gaida mutanen gida, sannan ta juya ta koma wajen yaran.