Notin da Mai Giya Bai Ɗaure Ba

Mai Giya ake ce masa, ko da yake bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. Giyar mota ce sana'arsa. Duk baƙon da ya zo layin kanikawa yana cigiyarsa sai an yi masa tsiya: "Wacce kake nema, ta sha ko ta tafiya?" Garejinsa rumfar kwano ce da rami guda a tsakiya, da benci da mai ya riga ya rina, da tsofaffin akwatunan giya jere a bango kamar tukwane. Ba ya taɓa sabuwar mota. Ya ce ita ba ta da tarihi. Tsohuwa kuwa, in ya murza man giyarta tsakanin yatsu biyu ya shinshina, sai ya gaya maka irin direbanta.

Yayansa ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aikin. Matar Yaya kuma ita ta wanke masa kayan aiki shekara tara, tana mita. "Ɗan mijina," take ce masa, "wace mace ce za ta aure ka da wannan baƙin farcen?" Ita ɗin ce dai ta samo masa mata daga baya.

Yaya yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da yake ji da ita. Wata Talata ya kawo ta a canja mata man giya, don jibi zai kai matarsa ta duba mahaifiyarta. Mai Giya ya shiga rami, ya kwance notin ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye. Ya mayar da notin da hannu, ya ɗura sabon mai. Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana ya ɗaure ke nan, sai maƙwabcinsa ya leƙo.

"Fito, fito! An wuce da iyalinka asibiti, haihuwa ce."

Haihuwar fari ce. Ya fito ko hannu bai goge ba. Yaya ya bi shi da tambaya, "An gama?" Ya ce, "An gama, Yaya," yana gudu.

An sami 'ya mace. Ranar Alhamis, a kan babban titi, giyar motar Yaya ta ƙone ta cije, tayoyin baya suka tsaya cak, motar ta juya ta faɗa kwari. Yaya ya karye a cinya. Matarsa ba ta kai asibiti ba.

Bayan kwana biyar aka jawo motar zuwa garejinsa, don babu inda za a kai ta. Ya jira mutane suka tafi cin abinci, ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Gurbin notin fayau yake, babu ko ɗigon mai. Ya daɗe yana kallon ramin nan da bai fi bakin kwalba ba. Sannan ya tashi, ya ɗauko wani noti a gwangwani, ya ɗaura, ya shafa masa ƙasa.

Kowa ya ce tsufa ne, mota ta gaji. Yaya ma haka ya ce daga gadon asibiti: "Laifina ne, tun bara kake cewa in rabu da ita." Kuma Yayan ne ya roƙa a sa wa jaririyar sunan marigayiya.

Daga nan aikin Mai Giya ya canja. Noti ɗaya sai ya ɗaure shi sau uku. Mota ta kai bakin titi, sai ka gan shi a guje yana ɗaga hannu, ya sake shiga ƙarƙashinta a gaban jama'a. Abokan aiki suka ce waswasi ya kama shi. Masu motoci kuwa suka ce babu mai amana irinsa, har daga nesa ake zuwa. Yabon nan ya fi zagi yi masa zafi. In aka fara, sai ya ce yana da aiki ya koma rami.

Duk mako yakan je gaida Yaya, wanda bai sake aure ba, yana ɗingishi da sanda yana renon 'ya'ya huɗu. Sau uku ya shirya maganar tun daga gida. Sau ukun yana zama Yaya zai tura masa kofin shayi ya ce, "Auta, ba don kai ba da ban san yadda zan yi da yaran nan ba," sai maganar ta koma ciki.

Shekara ashirin da shida aka yi haka. Yaya ya tsufa, mantuwa ta shige shi, har yakan tambayi 'ya'yansa ko su wane ne. Wata safiya Mai Giya ya same shi a ɗaki shi kaɗai, yana zaune bakin gado yana ninke hula yana warwarewa. Ya durƙusa a gabansa, shi ma furfura ta gama cin kansa.

"Yaya, notin nan ban ɗaure shi ba. Da hannu na sa shi. Ni ne. Da na ga ya faɗi kuma na sa wani na ɓoye."

Ya faɗi komai, yana kuka kamar yaro. Yaya ya saurare shi har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Bawan Allah, kai bakanike ne? To in ka ga ƙanena ka ce ya yi sauri da motar. Matata tana can ta shirya tun ɗazu."

Da Mai Giya ya miƙe, sai ya ga babban ɗan Yaya tsaye a bakin ƙofa da kofin magani a hannu. Yana da shekara goma sha ɗaya lokacin da uwarsa ta rasu. Yanzu shi ma magidanci ne. Ya shigo ɗakin. Ya ba mahaifinsa maganin, ya gyara masa matashi, ya ɗauki makullin mota ya ce wa Mai Giya, "Zo in sauke ka."

Ya tuƙa har suka isa. A ƙofar gida Mai Giya ya buɗe baki, ɗan ya ɗaga hannu.

"Baba, ka bar ni tukuna."

Yaya ya rasu bayan wata huɗu. A wurin zaman makoki ɗan ya karɓi gaisuwar Mai Giya kamar ta kowa, ya sa aka ba shi kujera saboda gwiwarsa. Sauran 'yan'uwansa har yau suna zuwa gaida baffansu da 'ya'yansu, alamar bai gaya musu ba. Shi dai bai zo ba. Shekara biyu ke nan.