Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, ni abin ya faru da ni, kuma wallahi ban ƙara masa ko gishiri ba.

A shekarun nan da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, na yi aiki da wata ƙungiya mai rabon hatsi a ƙauyukan wajen Kunci. Aikina shi ne kula da rumbun bayanai a kwamfuta, teburi biyu ne, wato jerin sunaye biyu, ɗaya na masu gida, ɗaya na iyalansu, kowane suna a na biyun yana rataye da lambar maigidansa. Gidan da sunansa ke ciki yana samun buhu duk wata har kaka, wanda babu kuwa sai dai ya ci rama da tafasa.

To ni fa a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni. Duk jan rubutun da kwamfuta za ta watso na san maganinsa. In ta ce lamba ta maimaitu, na san an shigar da mutum sau biyu, in ta ce an bar gurbi, in cike, in ta ce wani ya riƙe teburi, in jira. Ko karanta saƙon ba na gamawa.

Ranar wata Litinin da azahar muna wani ajin firamare da aka ara mana, shugabanmu Malam Sabi'u ya miƙo min takardar mai unguwa, ya ce in goge gidajen da suka mutu kafin la'asar, direba zai wuce da fayil Kano, kuma in ya tafi ba gyara. Na goge huɗu lafiya lau. Na biyar Malam Ado ne, manomi, ya rasu sati uku da suka wuce. Shekara goma sha ɗaya da matarsa Lantana ba haihuwa, kuma a tsarinmu gidan da ba maigida ba yara gogewa ake, wai matar za ta koma gidansu. Gidan su Lantana kuwa ko cikin yankin rabon ba ya.

Na cire sunanta, na zo kan nasa na danna. Sai jan rubutu: ba za a goge wannan ba, akwai wanda ke rataye da shi.

Na yi tsaki, na ce ai ƙaramin abu ne, wani suna ne ya maƙale a teburin iyali, a goge shi tukuna sannan a dawo kan maigida. Na nemo lambar Malam Ado, sai ga layi ɗaya. Sama'ila, namiji, ɗa.

Na leƙa waje na tambayi mai unguwa ko Malam Ado ya bar ɗa, yana zaune a gindin darbejiya. Ya ce, "Haba Malam, Ado ko ɓari matarsa ba ta taɓa yi ba. Ni na wanke shi."

Na dawo na sake duba layin da kyau. Ranar da aka shigar da sunan ita ce ranar da Malam Ado ya rasu, ranar kuwa ina Makoda wajen biki, kwamfutar na kulle a akwatina, kuma ba mai lambar sirrin sai ni. Gurbin ranar haihuwa kuma, innalillahi, wata Laraba ce da ba ta zo ba, saura wata bakwai. Ni da hannuna na ɗaure gurbin nan kada ya karɓi ranar da ba a kai ba.

Malam Sabi'u ya leƙo ya ce, "Kai, wai me kake jira? Direba ya tayar da mota!"

Ba zan ɓoye muku ba, na goge yaron. Na koma kan Malam Ado na danna, jan rubutun ya dawo. Na buɗe teburin iyali, ga Sama'ila nan zaune daram. Na sake gogewa, ya sake dawowa. Rana tsaka, zafi kamar me, batir saura kaɗan, direba sai hon yake. Akwai hanyar da na sani, in kashe dokar rataye gaba ɗaya in share su da ƙarfi, umarni ne na layi ɗaya kawai, har na rubuta shi. Na ɗora yatsa, wallahi sai na ji kunya ta kama ni, irin wadda kake ji in ka ɗaga hannu za ka mari yaro ka ga ubansa na kallonka.

Na share abin da na rubuta, na mayar da sunan Lantana, na ce wa Malam Sabi'u an gama. Ƙarya na yi masa, kuma na yi makonni ina tsoron korata.

Buhu ya ci gaba da zuwa gidan. Wata biyu bayan nan matar mai unguwa ta gane Lantana na da ciki, ita kanta ta ɗauka baƙin ciki da yunwa ne suka ɗauke mata al'ada. Ranar Larabar nan ta haihu. Na je suna na zauna can baya, ban taɓa faɗa wa kowa abin da na gani ba, ina kallo wan marigayi ya raɗa wa liman, liman ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Sama'ila.

Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta, kowa ya ce ba ya yiwuwa. Na tambayi wani malami, ya ce in yi shiru in gode wa Allah. Har yau in jan rubutu ya fito min sai tsigar jikina ta tashi.

Ku da kuke wannan aiki, don Allah in kwamfuta ta ƙi, ku karanta abin da ta ce har ƙarshe, ku duba waye ke rataye kafin ku goge. Ni saura danna ɗaya in yanke wa mai ciki abinci a shekarar yunwa.