Shekara Goma Yana Tare wa Wasu Iska

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Moro Wahid a wani asibiti a Doha, bayan jinyar kwana shida. Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take.

Baba Moro, 'yarka Basiratu ta kira ni daga Kumasi. Ta ce, "Yaya Hafiz, kai ne mai digiri. Binciko min kofi nawa Baba ya ci, in rubuta a ƙasan hotonsa." Mako guda na yi ina bin sakamakon gasa daga 2004 zuwa 2013, shekarun da tseren keke yake sana'arka. Na ga sunanka sau ɗari da tamanin da bakwai. Na sake dubawa har sau biyu don gudun kuskure. Ba ka taɓa zuwa na ɗaya ba. Mafi kusa shi ne na goma sha ɗaya. Har yau na kasa kiran ta.

Dama ba don kofi aka ɗauke ka ba. A ƙungiyar tsere akwai wanda aikinsa shi ne ya shiga gaba ya tare wa gwanin ƙungiya iska, ya koma motar ƙungiya da ke biye da su ya ɗebo masa ruwa, ya miƙa masa kekensa idan taya ta fashe. Kafin a kai ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare, sai ya kauce. Kai ne wannan mutumin.

Na san ka a shagon gyaran keke a unguwar Bin Omran da ke Doha, ina sabon ɗalibi, ban san kowa ba. Kowace Juma'a bayan asuba mukan fita hanyar bayan gari a kan kekunanmu. Ni matsoraci ne, kullum ina barin tazara. Sai ka waiwayo ka ce, "Malam mai lissafi, maza, manne wa tayata. Iskar ai tawa ce." Ranar bikin kammala karatuna, ba ni da kowa a zauren sai kai.

Juma'ar da ta wuce na fita ni kaɗai. Kilomita bakwai na yi na juyo. Ban taɓa sanin iskar hanyar nan tana da ƙarfi haka ba.

Basiratu, ga amsarki, ki yafe min jinkiri: babu kofi ko ɗaya. Ki rubuta cewa shekara goma ya yi yana tare wa wasu iska.

Allah Ya ba mahaifiyarki Mama Rukayatu, da ke, da sauran dangi haƙuri. Kai kuma Baba Moro, Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya tare maka duk abin da ke gaba.