Sawun Igiya a Kan Yumɓu

Wankan gawar mata na gada a wurin gwaggota, a nan Ƙofar Kware, tun ina da ƙarfin ɗaga tulu da hannu ɗaya. Ba sana'ar da ake yi wa mutum murna ba ce. Idan na shiga gida gaisuwa kawai, sai in ga matan gidan suna duban tsohuwarsu ta gefen ido, ni kuwa in ce su kwantar da hankali, yau garwashi na zo ɗiba. Gwaggo ta koya mini jiƙa ganyen magarya, da juya mamaciya ba tare da an buɗe ta ba, da naɗa likkafani. Amma abin da ta fi nanatawa shi ne riƙe baki. Duk abin da idonki ya gani a jikin mamaciya amana ne, tabo ne ko ciwo ko wani aibi, a ɗakin zai tsaya. Kowace mai wanka a Sakkwato haka aka koya mata, kuma muna alfahari da hakan.

Ƙanena mai fito ne. Yana da jirgi a mashigin gulbi, yana ƙetarar da mutanen rugage zuwa gari da safe, ya mai da su da yamma. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu, saboda haka na san shi ciki da waje. Mutum ne mai sanyin baki, idan aka zage shi sai ya kwana yana neman amsa. A daminar da nake ba da labari, matan Fulani masu kawo nono suka fara ɓacewa. Mace za ta baro ruga da ƙwaryarta, ba za ta iso kasuwa ba, sai daga baya a tsinci gawarta a gefen ruwa. Ta farko aka ce tsautsayi. Ta biyu aka ce aljanin gulbi. Da aka tsinci ta uku, sai aka tuna cewa dukansu jirgin ƙanena suka shiga.

Ya yi ta rantsuwa cewa kowaccensu ya sauke ta lafiya a gaɓar gari, ya ga ta kama hanyar fadama, wadda ciyawa da dawa ke rufe mutum har kai. Ba wanda ya saurare shi. Wasu suka ce sakaci ne da shi, yana cika jirgi har mutum ya faɗa. Masu dogon harshe suka ce alkawari ya yi da abin da ke cikin ruwa. Da aka tsinci ta huɗu, wata yarinya mai goyo da ta bar ɗanta a ruga, mai unguwa ya sa aka tsare shi a zaurensa don kada mutane su far masa. Maganar da ake yi ita ce za a ɗora masa diyya, a raba shi da gulbi.

Gulbi ya cika, ga zafi, ba a iya mai da gawar ruga ba, sai aka kawo ta unguwarmu aka aiko mini. Na sha wanke waɗanda ruwa ya ci. Kumfa kan fito musu ta hanci, hannunsu a damƙe da laka ko ciyawar da suka kama. Wannan ba ta da ko ɗaya. Farcenta biyu sun karye, akwai fatar mutum a ƙarƙashin sauran. Da na ɗaga duwatsun adon da ke wuyanta, sai ga wani kwarmi ya zagaye wuyan, da zanen kitso a cikinsa ɓaro-ɓaro. A gefen hagu kitson ya katse, ƙulli biyu sun lotsa naman kusa da juna.

Na zauna a ƙasa. Tsoro na ji, ba na gawar ba. Idan na yi shiru kamar yadda aka koya mini, ruwa ne ya ci ta, ƙanena zai rasa jirgi amma zai tsira da ransa. Idan na yi magana, kisa ne, kuma duk garin mutum ɗaya yake zargi. A shari'a idan zargi ya yi ƙarfi, dangin mamaci kan yi rantsuwa a ba su ran wanda ake tuhuma. Da bakina zan kai wuyan ɗan da na goya gaban takobi.

Na sake duban kitson, na daɗe ina dubansa. Wannan sawun ƙiri ne, igiyar da ake kitsawa da fata don ɗaure kaya. Mai fito ba ya riƙe ƙiri, ruwa na jiƙa shi ya saki, igiyar kaba suke tufkawa. Na san wannan ba hujja ba ce a gaban kowa, mutum na iya aro. Amma ni ta ishe ni, domin ban taɓa shakkar ƙanena ba, kuma wanda ya yi wannan yana can yana yawo, gobe wata za ta biyo hanyar fadama.

Maƙwabciyar gidan da aka ajiye gawar maginiyar tukwane ce. Na leƙa ta katanga na ce ta miƙo mini yumɓu mai laushi, wanda ta tace. Na roƙi mamaciyar gafara, na shimfiɗa yumɓun a wuyanta na danna a hankali. Da na ɗago, sai ga igiyar ta fito a kai kamar an ɗora ta, da kitsonta da ƙullinta biyu. Na sa a faifai na rufe da zane. A waje maza sun gaji da jira, liman yana ta aiko cewa rana tana yi. Na fito na ce masa ba za a ɗauki gawar nan ba sai alƙali ya ji abin da zan faɗa. Ya dube ni kamar na haukace, amma ya san ni, ya san ban taɓa tsai da jana'iza ba, sai ya tashi ya raka ni.

Alƙalin dattijo ne mai ƙarancin magana. Na durƙusa daga bakin zaure na faɗi abin da na gani, na tura faifan gabansa. Ya jima yana juya shi a haske.

Ya ce, "Ke yayar mai hito ta?"

Na ce, "Ni ta, Allah shi gahwarta Malam."

Ya ce, "Kin san abin da wagga magana za ta jawo mai? Jiya dukiya aka biɗa gare shi, yau rai nai za a biɗa."

Na ce, "Na sani. Ba shi na ba. Amma kak ka ɗauki maganata, ni 'yar'uwa tai ta. A dubi yumɓu."

Bai ɗauki maganata ba kuwa, kuma na ji daɗin hakan. Ya aiki tsofaffi biyu amintattu, ungozoma da wata malamar mata, suka je suka duba wuyan da farcen, suka dawo suka faɗi daidai da ni. Sannan aka yi wa yarinyar sutura. Ya hore mu kada maganar yumɓu ta fita. Kafin la'asar an ɗauke ƙanena daga zauren mai unguwa an sa masa mari a ƙafa.

Da na kai masa tuwo, ya dube ni ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "Yaya, an ce ke kis sa anka yi min wanga." Na ce ni ce. Bai taɓa tuwon ba. Matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce ko maƙiyi ba zai yi abin da na yi ba, ni da na saba da gawa, ina neman ta gida. Na kama hanyata na wuce, ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mai da uku ba. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba.

Zama bai gan ni ba. Sauran matan uku a wurare daban-daban ruwa ya ajiye su, saboda haka a unguwanni daban aka wanke su. Na bi masu wankan ɗaya bayan ɗaya, duk na san su, muna haɗuwa a gidajen makoki. Ta farko ta yi ta kewaye-kewaye, tana tambayata lafiyar akuyata. Na ce, "Ke dai hwaɗa min, mi kig gani ga wuyanta?" Sai ta fashe da kuka. Ta ga kwarmin, har ƙullin ta gani, ta rufe da likkafani ta yi shiru don amana, tun ranar ba ta barci sosai. Sauran biyun ma haka. Mata uku, kowacce riƙe da abu ɗaya a ciki, kowacce tana ganin ita kaɗai ce. Riƙe bakin da muke taƙama da shi ne ya yi wa azzalumi rumfa. Na tasa su gaba har wurin alƙali. Shi ya ce musu aibin mamaci ake rufewa, ba jinin da aka zubar masa ba, jini haƙƙinsa ne.

Daga nan ya kira sarkin dukawa ya nuna masa yumɓun. Mutumin ya shafa da yatsa, ya ce ƙiri ne mai sili huɗu, sili ɗaya ya tsinke an ƙulla sau biyu, kuma ba baduku ne ya gyara ba, don baduku sakawa zai yi, ba zai bar ƙulli ba. Aka zaunar da shi a bakin ƙofar gari tare da dogarai. Duk wanda ya shigo daga fadama da kaya, mai itace ne ko mai ciyawa ko mai jaki, sai ya sauke ya kwance. Mutane suka yi ta gunaguni, suna tsammanin sabon haraji ne. Ni kuwa na samu gindin wata bishiyar bedi nesa kaɗan na kafa tallan gyaɗa, wadda ban damu ko an saya ba. Rana ta fito ta faɗi ba a samu komai ba, aka sake, aka kuma. Na fara tunanin ko mai kisan ya jefar da igiyar, na kashe ƙanena a banza.

Wata rana da hantsi sai ga mai yankan ciyawar dawaki da dami a ka. Kowa ya san shi. Mutum ne mai fara'a, yana gai da yaro da babba, ni kaina na sha sayen ciyawa a hannunsa, har ƙari yake yi mini. Ya sauke yana wasa da dogarai. Sarkin dukawa ya ja igiyar cikin hannunsa, ya ja, sai ya tsaya. Ya buɗe faifan ya shimfiɗa ta kusa da yumɓun. Daga inda nake na ga dogaran sun miƙe tsaye. Ban san lokacin da na bar gyaɗar ba, awaki suka yi walima da ita.

A gaban alƙali ya ce tsintar igiyar ya yi. Alƙali ya ce mai yiwuwa ne, ya sa ya tuɓe riga. Ga sawun farce a damtsensa da gefen wuyansa, sun fara warkewa. Ya ce kaifin ciyawa ne. Alƙali ya ce wannan ma mai yiwuwa ne, a je gidansa. A ƙarƙashin turken akuya aka tono tukunya cike da awarwaro da 'yan kunne. Aka kira mutanen rugage. Wata tsohuwa, uwar yarinyar da na wanke, ta sa hannu ta ɗauko awarwaro guda ba ta ko laluba ba, ta ce nata ne, ita ta sa wa ɗiyarta ranar da aka kai ta ɗaki. Nan mai ciyawar ya daina musu. Ya faɗi yadda yake laɓewa a cikin ciyawa, ya jefa igiya ta baya, ya ja gawa zuwa ruwa. Har da wata ta biyar da ba a taɓa tsinta ba ya ambata, ya nuna wurin. Aka tambayi dangi ko za su yafe su karɓi diyya, suka ce a'a, aka zartar masa da hukunci. Ban je kallo ba, ba don tausayi ba, ina da wanki.

Ranar da aka kwance wa ƙanena mari, ƙafarsa ta kumbura, yana ɗingishi. Na ce mu je gida, matarsa ta dafa kaza, har ta aiko mini da cinya tana jin kunya. Ya ce sai ya ga jirginsa tukuna. Muka gangara, yana dafe da kafaɗata. A rabin hanya ya ce, "Yaya, da ba a ishe igiyar ba hwa?" Na ce da ni zan bi ka, don ba zan rayu ba. Ya ƙara damƙe kafaɗar.

Jirgin yana nan rabi a laka, ruwan sama ya cika shi. A gaɓar kuwa matan rugage ne zaune da ƙoransu, za su koma gida. Akwai wani mai fito can gaba, yana ta ɗaga musu hannu, ba wadda ta motsa. Da suka hango mu suka tashi, suka kama kwashe ruwan jirgin da ƙoran nononsu. Tsohuwar nan ce ta fara shiga. Ta zauna, ta gyara zanenta, ta ce da Hausarta ta Fulani, "Ɗana, kai mu gida, jikana na jira."

Ya ɗauki gora ya tokare gaɓa, hawaye na zuba bai share ba, jirgin ya juya ya kama ruwa. Ni da garin nan bai san muryata ba sai a gidan makoki, na tsaya a bakin gulbi na rangaɗa guɗa, na sake, har masu wanki suka ɗago kai. Ban daina ba sai da na ga ya sauke su a wancan ƙetaren.