Gonar da Aka Rubuta Daji

Duk wanda ya ci kasuwar Mubi a farkon zamanin jihar Gongola ya san Baba Kalibu mai wake, in bai riƙe sunansa ba ya riƙe hannunsa. In ya gaisa da kai sai ka ji kamar ka damƙi ɓawon tsamiya. Dutse ne ya mayar da shi haka. Gonarsa tana jikin wani tsauni can bayan Mayo Bani, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tare shi da jeren duwatsu don kada ruwa ya gudu da ƙasa. Hawa talatin da ɗaya. Kakansa ya fara, ubansa ya ƙara, shi kuma duk ƙarshen rani sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mayar da dutsen da ya zame. Matarsa Dibora takan ce da a ce ita yake lallaɓawa haka, da tuni ta yi ƙiba.

Hausarsa ta kasuwa ce, iya wadda za ta sayar da wake ta sayo gishiri. In zai tafi gona cewa yake, "Na tafi daji," kamar kowa a wajensu, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibin haka.

Al'adarsu ce in ƙasa ta gaji a bar ta ta huta shekara uku, ciyawa da 'yan itatuwa su rufe ta, amma ba a fasa gyaran duwatsu. A 1981 hawa goma sha biyar na sama suna hutu, sai ga ma'aikatan gandun daji sun zo awo. Babbansu Malam Lawali, Bahaushe ne da ya tashi inda ba tsauni. Ba mugu ba ne. Masu saran itace sun yi wa tsaunuka aski, shi kuma yana son ya ceci abin da ya rage. Ya nuna sama da alƙalami.

"Baba, can fa, gonar wane ne?"

"Daji ne. Daji na ne," in ji Kalibu, har da bugun ƙirji.

"Ana nomawa?"

"Yanzu babu. Yana barci."

Malam Lawali ya yi dariya, ya rubuta daji. Da Kalibu ya ce saura, wato gonar da aka bari ta huta, da magana ta ƙare a nan. Amma ina ya taɓa jin kalmar? Ba a sayar da ita a kasuwa.

Kafin damina aka kafa turakun siminti a tsakiyar gonar gadonsa, aka ce daga nan zuwa sama ba fartanya, ba gatari. Sau uku yana zuwa ofis da rigarsa ta zuwa coci. Na farko aka ce ya dawo, na biyu aka ce takarda ta tafi Yola, na uku aka ce bakin alƙalami ya bushe. Ya ce to, noman ya haƙura, a bar shi ya riƙa gyara duwatsu kawai. Aka dube shi kamar mai taɓin hankali. Ranar da ya saci jiki ya hau, mai gadi ya kama shi da dutse a hannu, ya ce satar dutsen gini yake, in ya ƙara sai gidan yari. Kalibu bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shekara bakwai yana noma hawa goma sha shida na ƙasa, idonsa na sama. Itatuwa suka girma, gwanin sha'awa, baƙi har hoto suke ɗauka. Shi kaɗai yake ganin saiwoyi suna ture duwatsu, jeri yana buɗe baki. Ya daina cin abinci sosai in hadari ya haɗu.

A watan Agustan 1988, wata Laraba da azahar, ruwa ya sauko bai tsaya ba. Hawan ƙoli ya fashe ya faɗa wa na ƙasansa, wannan ya faɗa wa na gaba. Turakun siminti ba su tare komai ba. Kafin la'asar dawarsa da wakensa da itatuwan gwamnati duk suna cikin mayo, rafin da ke gindin tsaunin, ruwan ya yi ja wur. Garin neman gira an rasa ido. Dibora ce ta yi kukan, shi ya zauna a ƙofar gida kamar an dasa shi.

Bayan mako biyu Malam Lawali ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, mun yi kuskure. An yarda ka hau ka jera duwatsunka. Za mu ba ka leburori."

Suka hau tare. Kalibu ya sunkuya ya shafa falalen dutse, tas kamar an wanke da sabulu.

"Malam, dutse zan jera maka ko gobe. Amma mene zai tare? Ƙasan nan a kwando kakana ya hau da shi, a kai. Ya tafi."

Bai ƙara hawa ba. Shi da Dibora suka koma unguwar Lokuwa a Mubi, gidan 'yarsu Liyatu, kuma tun da bai iya zaman banza ba, ya nemi aikin da hannunsa ya sani. A bakin hanya ya ƙare kwanakinsa da guduma, yana fasa wa masu gini dutse.